Mai Ɗori da Gadon Baya: Inda Hannu Ke Aiki da Inda Ya Kamata Ya Tsaya

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Kabo da Gwarzo, aka gama noman farko aka shiga maimai, akwai koken da ba gidan da ba a jin sa da daddare: "Bayana ya ƙage." Manomin Gammo da ya wuni a duƙe kan fartanya shi ne kan gaba wajen faɗar haka, amma gidan kaf kowa da nasa. Matarsa ta yi surfe da daka, ta ja guga a rijiya, ta yi shara da gajeriyar tsintsiya, duk da goyo a bayanta. Ƙaninsa yana dakon buhunan hatsi ranar kasuwar Getso. Ɗansa kuma yana kan babur tun safe, yana jigilar mutane daga ƙauyuka zuwa bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Gwarzo da Dayi, duk ramin da ya faɗa sai ya ji shi a kwankwasonsa. Rani ma bai zama hutu ba, domin masu lambu a bakin madatsun ruwa irin na Guzu-Guzu suna nan duƙe kan tumatir da albasa har bazara ta kawo kai.

Mai irin wannan ciwo ba ya farawa da asibiti. Yakan kwanta rub da ciki ya kira ƙaramin yaro ya tattaka masa baya. In bai ji dama ba, ya aika kemis a sayo masa ƙwaya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har salla ta koma a zaune, sai a ce a kai shi wurin mai ɗori.

An fi sanin mai ɗori da karaya da gocewar ƙashi, to amma masu zuwa zaurensa da ciwon baya da na wuya ba kaɗan ba ne. Yakan shafa, ya danna, ya murɗa, a ji "ƙas", majinyaci ya miƙe yana sa albarka. Shin wannan aiki yana warkarwa? Likitocin duniya sun shafe shekaru suna auna irinsa, kuma sun sami amsa. Hannu yana da amfani a kan ciwon baya na yau da kullum, amfani matsakaici. Sai dai akwai bayan da idan aka danna shi, mai shi ya gama tafiya da ƙafarsa ke nan. Gwanintar wannan sana'a tana wurin bambance waɗannan biyun.

Sana'ar da ake gada

Ɗori a ƙasar Hausa gado ne. Yaro yana tashi ya ga mahaifinsa ko kakansa yana aiki a zaure. Zai fara da riƙe ƙafar majinyaci, da feƙe karare, da miƙo tsumma, da ɗora ruwan zafi. Shekaru za su shuɗe yana kallo kafin ranar da za a kama hannunsa a aza a kan kumburi a ce masa, "Taɓa ka ji." Daga nan yake koyon bambanta targaɗe da tsagewa, da tsagewa da karaya, duk da yatsunsa. A garuruwa da dama akwai sarautar Sarkin Ɗori, kamar yadda wanzamai ke da Sarkin Aska, maƙera ke da nasu sarkin. Wannan ya nuna matsayin da al'umma ta ba sana'ar tun kafin asibiti ya zo. Wani likita Ba'amurke, Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi, maƙwabciyar Gwarzo ta ɓangaren Katsina, ya fitar da littafi a kan magungunan Hausawa a 1988, ya kuma jera maɗori cikin masu magani da jama'a suka dogara da su, tare da wanzami da ungozoma da boka da malami.

Yawancin masu ɗori na karkara manoma ne kamar kowa. Ana iya zuwa a tarar ya tafi gona, a tura yaro ya kira shi, ya wanke hannu ya shiga aiki. Akwai kuma tsofaffin mata, wasunsu ungozomomi, da suke tausa da gyaran targaɗe a cikin gida, kuma wurinsu matan aure suka fi zuwa.

Kayan aikin ba su da yawa: karare ko tsagin itace na ɗaure karaya, tsumma ko bandeji, man shanu, man kaɗanya, garin saiwoyi da sassaƙe wanda kowane gida ke ɓoye sirrin haɗinsa, ruwan zafi na gashi, sai addu'a da tofi. Ba a cika yanka farashi ba. Ana ba da abin sadaka, ko kaza, ko kwanon hatsi bayan kaka, kuma da yawa daga cikin dattawan sana'ar suna ganin ciniki yana rage wa hannu albarka. Yau abin ya ɗan sauya, musamman a birni, inda wasu suka buɗe wurare da gadajen kwanciya, har sukan tura mutum ya ɗauko hoton ƙashi kafin su taɓa shi.

Wanda ya ce jahilci kaɗai ke kai mutane zauren mai ɗori bai duba da kyau ba. Mai ɗori yana kusa. Ya san ka, ya san mahaifinka, ya san irin aikin da kake yi. Ba ka biyan kuɗin mota, ba ka yankar kati, ba ka bin layi. Yana sauraronka da harshenka, sannan ya sa hannu a daidai inda ke yi maka ciwo. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce, kuma mai ciwon baya ya san abin da zama a cushe cikin mota yake nufi.

Yadda ake taɓa baya

Majinyaci zai shigo yana dafe da ƙugu. "Sannu Baba, mun same ku lafiya?" Za a amsa masa, a yi masa sannu, a tambaye shi yaushe abin ya fara da abin da yake yi lokacin da ya kama shi. Sai a shimfiɗa tabarma ya kwanta. Mai ɗori zai bi gadon bayan da babban yatsa daga wuya har tsatso, yana dannawa yana kallon fuskar mai ciwo. Inda ya zabura, nan ne wurin. Bayanin da ake yi masa bai wuce 'yan kalmomi ba: jijiya ce ta harɗe, ko ta hau kan 'yar'uwarta, ko ƙashi ne ya ɗan goce, ko sanyi ne ya shige shi.

Daga nan sai a shafa mai, a yi ta murza naman da ke gefen ƙashin har ya yi laushi. Wani zai ɗora tafin hannunsa ɗaya a kan ɗaya ya danna da sauri. Wani zai kwantar da mutum a gefe, ya tura kafaɗa baya ya jawo ƙugu gaba. Wani kuma zai tsaya da shi baya da baya, ya sarƙe hannuwansu ya ɗaga shi sama. Idan wuya ne ya sage, akan riƙe haɓa da ƙeya a jujjuya kan a hankali, wasu kuma su fizge shi gefe guda. A ƙarshe a yi tofi, a ce ya riƙa gasawa da ruwan zafi safe da yamma, ya dawo bayan kwana kaza. Wanda bai gamsu ba yakan wuce wurin wanzami a kafa masa ƙaho.

Abin da kowa ke jira shi ne ƙarar nan. Da an ji ta sai a ce ƙashin ya koma mazauninsa. A nan ne ilimin zamani ya zo da gyara. Gadon bayan ɗan Adam ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a saitin haƙarƙari, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin masu motsin akwai faifan guringuntsi mai laushi, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, jijiyoyi suka fito ta gefe suka bazu cikin hannuwa da ƙafafu. Jijiyoyi masu tauri da tsokoki sun ɗaure ƙasusuwan nan tamau. Ba sa gocewa don mutum ya ɗaga buhu, in kuma haɗari ya gotar da su da gaske, dannawa da tafin hannu ba za ta mayar da su ba. Ƙarar da ake ji irin wadda ake ji ce in an ja yatsa. Akwai ɗan ruwa mai yauƙi a cikin kowace gaɓa, idan aka buɗa gaɓar da sauri sai kumfar iska ta bayyana a cikinsa, ita ce ke yin sautin. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton faruwar haka a gaɓar yatsa da na'urar MRI a 2015.

To me ke kawo sauƙin da mutum yake ji? Tsokar da ta ɗaure ce take saki, saƙon zafin da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa ya ragu na wani lokaci, tsoron motsi ya kau. Mutumin da ya shigo yana jin bayansa zai ɓalle ya fita da yaƙinin zai iya sunkuyawa. Wannan sauƙi na gaske ne, ko da bayanin da aka yi masa ba daidai ba ne.

Ba Hausawa kaɗai ba

Danna baya don neman lafiya tsohon abu ne a duniya. Hippocrates, likitan Girka na dā, ya yi bayaninsa, Ibn Sina ma ya kawo shi a cikin Al-Ƙanun. A Amurka ne aka mayar da shi sana'ar makaranta. Andrew Taylor Still ya kafa tafarkin da ake kira ostiyofati, ya buɗe makarantarsa a 1892. Daniel David Palmer kuma ya fara kairofraktik a garin Davenport a 1895, yana da'awar cewa yawancin cututtukan ɗan Adam daga gocewar ƙasusuwan baya suke. Wannan da'awa ba ta tabbata ba. Danna baya ba ya maganin hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko rashin haihuwa, kuma duk wanda ya ce yana yi, a Kano yake ko a Amurka, ya wuce gona da iri. Abin da ya saura bayan an tankaɗe shi ne ciwon baya da na wuya, kuma a kansu aka yi gwaje-gwaje masu yawa. A yau likitocin gashi da motsa gaɓɓai, waɗanda ake kira fisiyo, su ma suna koyon wannan dabara.

Abin da gwaji ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma adadin zai kai miliyan 843 a 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Kusan tara cikin goma na masu shi, ko an yi hoto ba a gano wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta. Kuma yawancin wanda abin ya kama farat ɗaya yana samun sauƙi sosai cikin mako shida, an yi masa magani ko ba a yi ba. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk mai son yin adalci, domin wani yabon da ake yi wa mai ɗori, ko likita, ko mai kemis, haƙƙin lokaci ne.

Saboda haka ne masu bincike suke raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan dannar baya, a yi wa waɗancan wani abu dabam, sannan a gwada. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 26 a kan sabon ciwon baya. An ga dannar tana rage zafi da kusan maki 10 a ma'aunin da ya tashi daga sifiri zuwa 100, tana kuma ɗan ƙara wa mutum kuzarin yin hidimominsa, cikin mako shida na farko. Rabin waɗanda aka yi wa, ko fiye, sun ji tsamin jiki ko ƙarin ciwo na ɗan lokaci kafin ya wuce. A 2019 mujallar BMJ ta tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Sakamakon shi ne dannar baya tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauran hanyoyin da likitoci suka yarda da su, irin su motsa jiki. Ba ta fi su ba, ba su kuma bar ta a baya ba.

Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2004, da mutum 1,334, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa dannar baya sannan suka bi da motsa jiki sun fi samun sauƙi a watannin farko. Haka kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2016 a yi aikin hannu kawai idan an haɗa shi da motsa jiki. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagoran a kan daɗaɗɗen ciwon baya. Ta sa tausa da dannar baya cikin abubuwan da za a iya yi, tare da motsa jiki da wayar da kan majinyaci. Ta kuma ce a guji ɗaure ƙugu da ɗamara, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye, dangin da tiramadol ke ciki.

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da hannun mutanen da suka yi karatun jikin ɗan Adam, a kan marasa lafiyar da aka riga aka tantance cewa ba su da wata muguwar cuta a ƙashi. Darasin da mai ɗori zai ɗauka a ciki biyu ne. Na ɗaya, tausa da dannawa a hankali ba aikin banza ba ne, kuma sun fi wa manomi alheri a kan haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla masa a leda, waɗanda yawan shansu ke cin ciki ya lalata ƙoda. Na biyu, kuskure ne a ce wa mai ciwon baya ya kwanta mako guda kada ya motsa. Doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Ya huta kwana ɗaya ko biyu in zafin ya yi tsanani, sannan ya tashi ya riƙa tattaki, ya koma aiki kaɗan-kaɗan.

Wuya ba wurin gwada ƙarfi ba ne

A kan ciwon wuya ma an yi gwaji. A jihar Minesota ta Amurka an raba mutum 272 gida uku na tsawon mako 12, aka buga sakamakon a 2012. Waɗanda aka yi wa aikin hannu sun fi waɗanda aka ba ƙwayoyi samun sauƙi. Amma waɗanda aka koya wa motsa wuya su riƙa yi da kansu a gida sun samu kusan irin wannan sauƙin. Ke nan abin da fizgar wuya ke bayarwa ana iya samunsa ta hanyar da ba ta da haɗari.

Haɗarin kuwa ga shi. Akwai hanyoyin jini guda biyu da suka bi ta cikin ƙasusuwan wuya suka hau ƙwaƙwalwa. Murɗa kai da ƙarfi na iya tsaga bangon ɗaya daga ciki, jini ya daskare, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko da matashi ne. Abin ba ya faruwa da yawa, kuma wani bincike da aka yi a Kanada a 2008 ya nuna cewa wasu tun kafin a taɓa su hanyar jinin ta tsage, ciwon wuyan da ya kai su neman magani alamarta ce. Duk da haka Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da mutum wannan haɗari kafin a murɗa masa wuya. Ga mai ɗori, hanya mafi aminci ita ce tausa da gashi da juya kai a hankali iya inda mai shi zai iya da kansa. Wanda ya zo da ciwon wuya tare da jiri, ko gani bibbiyu, ko sarƙewar magana, ko wani sabon ciwon kai mai tsanani, asibiti za a kai shi nan take.

Akwai kuma taurin wuyan da ƙasar nan ta san shi sarai. Idan wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman a watannin zafi, sanƙarau ake tsoro. Annobar 1996, wadda Kano na cikin inda ta fi yi wa ɓarna, ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya. Duk sa'ar da aka ɓata ana shafa wa irin wannan wuya man shanu, daga ran majinyaci aka ɗebe ta.

Bayan da ba a taɓawa

Tara cikin goma na masu ciwon baya ba su da muguwar cuta. Ɗayan da ya rage shi ne jarrabawar mai ɗori, kuma ana gane shi da tambaya da lura.

Wanda ya faɗo daga kan kuka ko ɗorawa, ko gini ya rufta masa, ko ya yi haɗarin mota ko babur, yana kukan baya ko wuya, a ɗauka ƙashin bayansa ya karye har sai hoto ya nuna akasin haka. Ba a zaunar da shi, ba a ciccibarsa hannu da ƙafa, ba a juya masa kai. A kwantar da shi a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, a tallafe kansa, a nufi asibiti. Laka idan ta yanke ba ta haɗuwa.

Wanda ciwonsa ya yi watanni, yana tsananta da dare, yana ramewa, yana zufa cikin barci, wataƙila ma wani ɗan tudu ya fito a gadon bayansa, tarin fuka ake zargi ya shiga ƙashi. Najeriya na cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa, kuma ƙashin baya na cikin inda ta fi kamawa in ta bar huhu. Ƙashin da ta cinye ya zama kamar azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ana dannawa ta rufta. Maganinta ƙwayoyi ne na watanni, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati.

Wanda ƙafarsa ta fara rauni yana jan ta, ko tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa ya sage, ko fitsari ya tsaya masa, ko yana zubowa bai sani ba, jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne. Wannan na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba. Haka nan tsohuwar da bayanta ya kama farat ɗaya bayan ɗan tuntuɓe, da mai sikila, da wadda ta daɗe tana shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, da wanda aka taɓa samu da ciwon daji, duk ƙashinsu ba ya ɗaukar danna. Ciwon gefen baya da zazzaɓi da zafin fitsari kuma na ƙoda ne. Mai ciki da ƙaramin yaro su ma ba a gwada musu ƙarfi.

Addini ya riga kowa magana a kan wannan. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, wanda malaman fiƙihu suka gina hukunci a kansa cewa duk wanda ya shiga yin magani ba da sani ba, alhakin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa. Mai ɗorin da ya ce, "Ɗana, wannan ba nawa ba ne, ku wuce asibiti," ya cika amanar gadonsa, kuma darajarsa ƙaruwa take yi.

Tsakanin zaure da Dala

Kano ba ta rasa masana ƙashi ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana aiki tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Asibitin Murtala, Jami'ar Bayero kuma tana yaye likitocin fisiyo. A matakin tarayya akwai hukumar da aka kafa da dokar 1988 don yi wa masu wannan fanni rajista, har da masu kairofraktik da ostiyofati. Matsalar ita ce kusan dukkansu a birni suke. Mutumin Gammo ko Garo ko Kutama zai iya kai kansa babban asibitin Gwarzo, amma wanda zai zauna da shi ya koya masa yadda zai ɗaga buhu da gwiwa maimakon ƙugu, da irin motsin da zai yi kowace safiya, shi ne ke wuyar samu.

Dangantakar likitoci da masu ɗori kuma ba ta da daɗi, kuma akwai dalili. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha yanke hannu ko ƙafar yaron da aka ɗaure wa karaya tamau har jini ya daina gudana, gaɓar ta ruɓe. Wannan ɓarna gaskiya ce, kuma wajibi ne masu sana'ar su amsa ta. Sai dai zagi bai taɓa rage masu zuwa zaure ba. A kudancin Habasha an gwada wata hanya. Asibitin Arba Minch ya tara masu ɗori 112 aka yi musu bita ta yini guda a kan haɗarin matse ɗauri. A shekaru biyun da suka gabaci bitar an yanke gaɓoɓi 25 saboda ruɓewar ɗori. A shekaru biyun da suka biyo baya suka koma 7.

Irin wannan ake buƙata a yammacin Kano, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo, da hakimai da dagatai, da ƙungiyar masu maganin gargajiya, za su iya tara masu ɗori da wanzamai da ungozomomi, a gayyato likitocin ƙashi da na fisiyo daga Dala su zauna da su cikin mutunci. A koya musu alamomin nan da Hausa, a ba su takardar tura majinyaci wadda asibiti zai karɓa ba tare da tsangwama ba, a nuna musu motsa jikin da za su riƙa koya wa manoma. Likitocin su ma akwai abin da za su ɗauka, domin haƙurin sauraro da sa hannu a jikin mai ciwo rabin jinya ne, kuma masu ɗori sun riƙe wannan da kyau.

Ga mai ciwon baya, shawarar a taƙaice take. In ciwon na gajiya ne da aiki, babu zazzaɓi, babu rama, babu faɗuwa, ƙafafu da ƙarfinsu, to je a tausa maka, ka gasa, ka ci gaba da motsi, kada ka yarda a fizge maka wuya. In mako shida ya wuce babu sauƙi, ko ɗaya daga cikin alamomin nan ta bayyana, kama hanyar asibiti ranar. Ga magada ɗori kuma, ku ƙara wannan a kan abin da kuke koya wa 'ya'yanku: kafin yaro ya koyi inda ake dannawa, ya haddace bayan da ba a taɓawa.